Waiwaye: Daɗin Allon Ƙafa da Kuɗin da Ake Biya a Kwana

Manyan baburan nan masu dogon jiki da sirdi ƙasa-ƙasa, waɗanda ake kira kuruza, wurin sa ƙafarsu iri biyu ne. Wasu 'yar sanda ce ta ƙarfe da aka lulluɓe da roba, irin wadda kowa ya sani a jikin Boxer ko Jincheng. Wasu kuma allo ne mai faɗi da ke ɗauke tafin ƙafa gaba ɗaya, tun daga dunduniya har yatsu. Wanda ya sayi mai sanda ba ya daɗewa sai allo ya shiga ransa, domin a ido ya fi kwarjini, a doguwar tafiya kuma ya fi hutu. 'Yan kasuwa sun san da wannan sha'awar, shi ya sa suka cika duniya da alluna kala-kala, masu sheƙi da baƙaƙe, dogaye da gajeru. Abin da ba su cika faɗa wa mai saye ba shi ne, ranar da ya sauya mazaunin ƙafarsa, ya taɓa birki, ya taɓa giya, ya kuma rage iyakar kwanciyar da babur zai iya yi a kwana. Wanda yake son ya gane dalili, sai ya bi mu mu koma Amurka, inda allon ya samo asali.

Baburan farko kekuna ne aka ɗaura wa inji. Kamfanin Indian ya fara a garin Springfield na jihar Massachusetts a 1901, Harley-Davidson kuma a Milwaukee ta jihar Wisconsin a 1903, kuma dukkansu da feda suka fito. Mahayi ya tuƙa feda har inji ya kama, in an zo hawan tudu ya taimaka wa injin da ƙafarsa. Da injina suka yi ƙarfi, feda ta zama kaya. Wajen 1914 allon ƙafa ya bayyana a jikin Harley, a shekarar da ta biyo baya kuma aka sa masa giya uku. A wancan zamani da hannu ake canza giya, da wata sanda da ke gefen tankin mai, kuloci kuwa aikin ƙafar hagu ne. Ƙarfen kulocin kai biyu gare shi, ɗaya na yatsu ɗaya na dunduniya. A Harley in ka danna yatsu babur ya ja, in ka danna dunduniya ya saki. A Indian akasin haka ne, shi ya sa wanda ya saba da ɗaya in ya hau ɗayan sai ya yi hattara. Ƙafar da za ta riƙa sakin kuloci sannu-sannu a kan babur mai nauyi tana buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri da za ta dogara a kai. Allon ya zo ne don ƙafa ta sami wurin aiki, ya kuma tare mata taɓo da tsakuwa a hanyoyin da yawancinsu ba su ga kwalta ba tukuna.

Sannan ƙasar kanta ta yi tasiri. Amurka ƙasa ce mai faɗi da miƙaƙƙun hanyoyi. Shahararriyar hanyar nan mai lamba 66, wadda aka ayyana a 1926, ta tashi daga Chicago ta dire a gaɓar tekun California, tafiyar sama da kilomita 3,900. A 1956 kuma shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka haɗa jihohi. Wanda zai wuni a kan irin wannan hanya, damuwarsa gajiya ce, ba lanƙwasa kwana da gudu ba. Turawan Ingila da Italiya, masu ƙananan hanyoyi masu yawan kwana, sun ɗaga ƙafar mahayi sama suka mayar da ita baya. Amurkawa suka sauke ta ƙasa suka tura ta gaba. Kowa da irin hanyar da ya gina wa babur.

A Yaƙin Duniya na Biyu Harley ya ƙera wa sojoji babura kimanin 90,000, akasarinsu samfurin WLA, da allunansu da kulocin ƙafarsu. Bayan yaƙi samarin da suka dawo gida suka riƙa sayen ragowar da araha, suna cire duk abin da suka ga yana ƙara nauyi: murfin taya, gilashin gaba, har da allon. Daga nan aka sami yayin baburan nan tsirara masu dogon wuya da fim ɗin Easy Rider na 1969 ya yayata. Allo ya koma kayan dattawa da 'yan sandan hanya. Dama tun 1952 Harley ya fara sayar da manyan baburansa da kuloci a hannu, giya a ƙafa, wato aikin da ya haifi allon ya fara barin ƙafa ke nan. Zuwa 1975 dokar Amurka ta daidaita kowa: giya a ƙafar hagu, birkin baya a ƙafar dama.

Sai dai sauyin ya zo da 'yar matsala. Ƙafar da ke shimfiɗe a kan allo tana shan wahalar cusa yatsu ƙarƙashin ƙarfen giya don ɗaga shi. Maganin da aka samo shi ne a dawo da tsohuwar dabarar kai biyu: ka danna yatsu ka sauko da giya, ka danna dunduniya ka hau. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk ɗan acaɓar da ya wuni da silifa a kan Boxer ko roba-roba ya san darajar giyar dunduniya, don ita ke hana bayan ƙafarsa yin kanta.

A shekarun 1980 marmarin tsohon yayi ya dawo da allo. Harley ya fito da Heritage Softail a 1986, da siffar baburan kakanni, sai Fat Boy a 1990, wanda Arnold Schwarzenegger ya hau a fim ɗin Terminator 2 a 1991, duniya ta gani ta yaba. Kamfanonin Japan ma sun shigo fagen: Yamaha Virago a 1981, Honda Shadow a 1983, sai Kawasaki Vulcan da Suzuki Intruder a tsakiyar shekarun. Irin waɗannan ne yawanci ke isowa gare mu a matsayin na hannu, ta Kwatano ko ta Legas. Akwai wani abin lura a yadda Japanawa ke sayar da su. Sau da yawa inji ɗaya ne suke fitarwa a riga biyu: Vulcan 900 Classic da allo, Vulcan 900 Custom da sanda, Suzuki Boulevard C50 da allo, M50 da sanda, Yamaha V Star 1100 Classic da allo, Custom da sanda. In ka jera su ka duba da kyau, za ka ga ba allon kaɗai ya bambanta ba. Ƙarfen da ke riƙe da shi daban, fedar birki daban, ƙarfen giya daban. Injiniyoyin kamfani ba su taɓa ɗaukar allo a matsayin abin da ake liƙawa shi kaɗai ba. Mu masu saye daga baya ne muke mantawa da haka.

Daɗin allo gaskiya ne, babu mai musu. A kan sanda, nauyin ƙafa yana taruwa ne a wuri ɗaya a tsakiyar tafi, bayan awa biyu sai ka ji wurin yana zugi. A kan allo kana iya ja da ƙafa baya, ka tura ta gaba, ka karkata ta, gwiwa da ƙugu su sami sauyi. Allo mai kyau kuma yana da shimfiɗar roba da ke zaune a kan wasu 'yan ƙullutai masu laushi, tana shanye karkarwar inji mai tukunya biyu kafin ta kai ga ƙafa.

Amma kuɗin wannan daɗi a kwana ake biyansa. Babur ba ya juyawa sai ya kwanta, kuma iyakar kwanciyarsa ita ce inda wani ƙarfe ya fara taɓa ƙasa. Baburan tsere suna wuce digiri 50. Fat Boy, a lissafin kamfaninsa, bai wuce digiri 25 zuwa 26 ba, manyan Harley na doguwar tafiya kuwa sun ɗan haura 30. Ga abin da wannan ke nufi a kan titi. A shataletalen da tazarar tsakiyarsa zuwa inda tayarka ke bi ta kai mita 30, kwanciyar digiri 25 tana ba ka damar gudun kusan kilomita 42 a awa. In allon da ka ɗaura ya fi na asali faɗi ko ya fi shi sauka, har iyakarka ta dawo digiri 20, gudun ya koma wajen 37. Ka ɗauki fasinja da kaya, babur ya ƙara zama ƙasa, abin ya sake raguwa. Ranar da wata mota ta matse ka a kwana, wannan ɗan bambancin ne tsakanin ka wuce lafiya da ka tafi gefen titi.

Na taɓa zama a rumfar wani dattijon makanike ina jiran a gama mini aiki, sai ga wani saurayi ya turo kuruza ɗan Japan, da sababbin alluna da ya yi oda ta intanet. An riga an ɗaura masa su a wani wuri, amma suna kaɗawa suna ƙara.

"Baba, so nake a ɗan ɗiga musu walda a wajen nan da suke naɗewa, su tsaya cak. Ƙarar ta ishe ni," in ji shi, yana nuna mahaɗar da allon ke lanƙwashewa sama.

Dattijon bai ce komai ba. Ya sa yaransa biyu suka riƙe babur a tsaye, saurayin yana kai. Ya ɗauko wani faffaɗan katako, ya kwantar da shi a ƙasa, ya manna gefensa ɗaya da gindin tayoyin gaba da baya, sannan ya riƙa ɗaga ɗaya gefen a hankali. Katakon bai yi nisa ba ya taɓa bakin allon. Ya ci gaba da ɗagawa, allon ya naɗe sama ya ba shi hanya, har sai da ya kai ga ƙarfen da ke riƙe da shi, nan ya cije.

"Ka ga wannan katakon? Shi ne titi in ka kwanta a kwana," in ji shi. "Daga inda ya fara taɓawa zuwa inda ya cije, wannan ne gargaɗin da babur ke yi maka. Ka ji ƙarar gogar ƙasa, ƙafarka ta ɗaga, ka san ka kusa iyaka. In na walde shi, ba gargaɗi. Yana taɓa ƙasa zai zama turke, ya ɗage tayar baya, sai dai a kwashe ka. Ɗana, kuɗin waldar ba yawa, amma ba da hannuna ba."

Ya cire fil ɗin mahaɗar, ya ga an manta da sifirin ɗin da ke danne allon, an kuma sa fil ɗin da ya yi wa ramin ƙanƙanta. Ya nemo daidai shi, ya sa washa, ya mayar da sifirin. Ƙara ta ɗauke, allo kuma yana naɗewa yadda aka yi shi. 'Yan sandan Amurka masu gasar sarrafa babur a tsakanin robobi suna goga allunansu da ƙasa da gangan, har tartsatsi na tashi, kuma ba sa faɗuwa, saboda allon yana naɗewa kuma sun san inda ƙarfen da ba ya naɗewa yake.

Saboda haka zaɓe yana farawa ne daga jikin mutum da hanyarsa, kafin a je ga hoto. Mai gajeriyar ƙafa da ya sa allon da ya yi gaba da yawa zai riƙa miƙewa yana neman birki, bayansa ya ɗauki nauyin. Gwiwa tana son ta ɗan lanƙwashe, idon sawu kuma ya zauna yadda yake zama in mutum na kan kujera. Hanya mai sauƙi ita ce a yanka kwali daidai girman allon da ake so, a hau babur da takalmin da ake tuƙi da shi, a gwada wurin. Sai kuma a tuna cewa duk wanda ƙafarsa ke can gaba ba ya iya miƙewa tsaye ya ɗage jikinsa in ya hangi rami, duk dukan a ƙashin bayansa zai sauka. Wanda hanyarsa ta yau da kullum ramuka ce da tudun rage gudu, gara ya nemi allon da ya ɗan matso baya kuma bai sauka ƙasa ba. Akwai ƙananan alluna da ake sa wa a mazaunin sandar asali ta hanyar wani ɗan ƙarfen haɗi da aka yi wa kowane samfurin babur nasa. Su ne suka fi sauƙin ɗaurawa, kuma ba su cika taɓa tsarin birki da giya ba. Cikakken allo kuwa, in za a saya, a saye shi da duk danginsa: mariƙinsa, fedar birkinsa da ƙarfen giyarsa. Kamfanoni irin su Kuryakyn da Cobra suna rubuta samfuri da shekarun baburan da kowane kaya ya dace da su, kuma wannan rubutun ya fi hoton muhimmanci. Duk abin da aka ce yana shiga kowane babur, a shirya wa gyare-gyare.

Ƙarfen ma abin dubawa ne. Sheƙi ba ya nuna ƙarfi. Akwai allunan da aka zuba da ƙarfe mai gautsi aka shafe da fenti mai walƙiya, wanda in babur ya faɗi ko mutum ya taka da ƙarfi sai ya karye ɓaras. Notunan da ke ɗaukar nauyi suna da lamba a kansu: 8.8 ko 10.9 a ma'aunin milimita. Kada a musanya su da na shagon kayan gini da ba su da lamba. A kuma san cewa yawancin notunan Harley a ma'aunin inci suke, na Japan kuwa a milimita. Noti mai kaurin 3/8 na inci da mai milimita 10 kamar tagwaye suke a ido. In aka sa ɗaya a ramin ɗayan, zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya lau, sannan ya cije, in aka matsa masa da sifana ya cinye zaren ramin da ke jikin firam ɗin babur. Gyaran wannan ya fi kuɗin allon ciwo.

Wajen ɗaurawa, a fara ɗaukar hoton komai da waya kafin a kwance, a kuma yi wa ƙarfen giya alama a inda yake zaune kan haƙoran sandarsa. A ɗaura komai sako-sako tukuna, mai babur ya hau, a daidaita, sannan a ɗaure. Ɓangaren dama shi ne mai haɗari. Ya kamata dunduniya tana kan allo, yatsu su juya su sami fedar birki ba tare da an ɗaga ƙafa gaba ɗaya ba. Mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, don haka rabin daƙiƙar da ya ɓata yana laluben feda mita 11 ce. Kuruza kuma, saboda tsawonsa da nauyinsa da kan haura kilo 300, yana dogara da birkin baya fiye da ƙananan babura. A tabbatar feda tana sauka har ƙarshe ba ta bugi allo ba, tana kuma komawa mazauninta gaba ɗaya. In wani abu ya hana ta komawa, man birki ba ya samun hanyar dawowa, birki ya riƙa kamawa a ɓoye yana zafi, har ya kai ga riƙe taya. A duba fitilar birki tana kamawa da zarar an taɓa feda, tana kuma mutuwa in an saki.

A ɓangaren hagu, a juya tayar baya da hannu a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, a ga ko ƙarfen dunduniya yana bugun allo kafin giya ta gama shiga. Giyar da ta shiga rabi ita ce ke fita da kanta a tsakiyar hanya. Sandar da ke haɗa feda da akwatin giya galibi ɗaya gefenta zaren hagu ne, don a iya tsawaita ta ko a rage ba sai an cire ba, kada a yi ta murɗa notinta ta inda ba ya kwancewa. A gwada jak ɗin gefe: ƙafa tana isa gare shi? Yana naɗewa har ƙarshe? In za a sa wa fasinja allo, a duba nisansa da salansa, don tafin takalmi na narkewa, kuma bakin zane ko riga mai faɗi na iya kaiwa ga taya ko bel. Daga nan a ɗiga wa notuna gam ɗin zare mai launin shuɗi, wanda ke hana su warwarewa amma yana kwantuwa da sifana, ba ja ba, wanda sai an gasa shi da wuta. A ɗaure su daidai ƙarfin da littafin babur ya faɗa, a sa sabon fil mai tsaga a duk inda aka cire tsoho. Gwajin farko a fili ake yinsa, a zagaya hagu da dama a hankali har a ji inda allo ke fara gogar ƙasa, a taka birki da ƙarfi sau da yawa har ƙafa ta haddace sabon wurin. Bayan tafiyar farko a sake bin notunan da sifana.

Darasin da wannan waiwaye ya bar mana ya wuce babur. Allon nan an ƙirƙiro shi ne don wani aiki, a wata ƙasa, a kan wata irin hanya, kuma duk lokacin da masu ƙera shi suka motsa shi sai sun motsa abin da ke kewaye da shi. Mu kan ga abu a jikin na wani ya burge mu, mu ɗauko shi shi kaɗai, mu bar dalilinsa a can. Ba laifi ba ne mutum ya nemi hutun ƙafarsa, kuma ba laifi ba ne ya so abin hawansa ya yi kyau. Laifin shi ne ya biya farashin da bai san ya biya ba. Kafin ka ƙara wa na'ura wani abu, ka tambayi abu biyu: me wannan zai ba ni, me kuma zai karɓe? In amsar ta biyu ta yi maka daidai da jikinka da hanyar da kake bi kullum, bismilla. In ba ka san ta ba, ka bar kuɗinka a aljihu sai ka sani.